Wutar Aradu a Gandun Dajin Gila: Yaushe Ake Kashewa, Yaushe Ake Bari?

Gabatarwa

A al'adar ɗan'adam, duk inda aka ga gobara abin da ke fara zuwa rai shi ne a yi kururuwa, a ɗebo ruwa, a kashe. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa a wasu gandayen daji na ƙasar Amurka akwai ma'aikata masu horo, waɗanda idan aradu ta faɗi ta tayar da wuta, sukan zauna su yi shawara tukuna a kan ko za a kashe ta, ko kuwa a bar ta ta ci ana lura da ita. Wannan hali darasi ne da aka koya da tsada, bayan an shafe fiye da shekara 60 ana yaƙar kowace wuta, har aka gano cewa dajin da aka hana wa ƙaramar wuta yana tara wa kansa babba wadda ta fi ƙarfin kowa.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda aradu ke tayar da wuta a daji, da dalilin da ya sa wasu dazuzzuka ke bukatar wutar, da kuma yadda ma'aikata ke yanke shawara a kanta. An ɗauki gandun dajin Gila a matsayin misali, domin yana cikin gandayen da suka fi daɗewa ana gwada wannan dabara a cikinsu.

Gandun dajin Gila

Gila, wanda mutanen wurin ke furtawa Hila, gandun daji ne na gwamnatin tarayya da ke kudu maso yammacin Jihar Niyu Meziko. Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka ce ke riƙe da shi, kuma faɗin ƙasar da ke ƙarƙashin ofishinsa ya kai kimanin hekta miliyan 1.3, wato kusan ninki shida na dajin Yankari. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai masu zurfi, wasu tsaunukanta sun haura mita 3,000. A tsakiyarsa akwai wani yanki da aka keɓe a shekarar 1924 bisa shawarar masanin daji Aldo Leopold, aka hana gina hanyar mota ko gidaje a cikinsa. Shi ne yanki na farko da aka yi wa irin wannan kariya a Amurka. Mai son shiga sai dai a ƙafa ko a kan doki.

Itacen da ya fi muhimmanci a wannan bayani shi ne fandarosa, ɗaya daga cikin dangin fayin, wato itatuwan nan masu ganye sirara kamar allura waɗanda aka dasa 'yan'uwansu a Filato da Afaka ta Jihar Kaduna. Yanayin wurin kuwa yana da bazara mai zafi da bushewa a watannin Mayu da Yuni, sa'an nan damina ta sauka a farkon Yuli. A gab da saukar damina ne hadari ke yawan tasowa da tsawa ba tare da ruwan kirki ba, kuma a wannan tsakani ne daji ke kamawa.

Yadda aradu ke tayar da wuta

A cikin gajimaren hadari iska tana yin sama da ƙasa da ɗigon ruwa da ƙwayoyin ƙanƙara, suna gogayya da juna. Wannan gogayya takan raba cajin lantarki, ƙasan gajimaren ya tara wani iri, doron ƙasa kuma ya tara kishiyarsa. Idan bambancin ya yi yawa, sai lantarkin ya keta iska ya sauko. Hasken da ake gani shi ne walƙiya, ƙarar da ake ji ita ce tsawa, saukar kuwa ita ce aradu. Zafin iskar da ke kan hanyarta yana kaiwa kimanin digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyas, wato wajen ninki biyar na zafin fuskar rana.

Duk da wannan zafi, ba kowace aradu ke kunna wuta ba. Mafi yawansu sukan wuce cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, su tsaga ɓawon itace su bar shi. Wadda ke kunna wuta ita ce wadda lantarkinta ya ci gaba da gudana na ɗan ƙarin lokaci, har busasshen abu ya sami damar kamawa. Sharaɗi na biyu shi ne rashin ruwa. A ƙarshen bazara iskar da ke ƙarƙashin gajimare takan bushe ƙwarai, ta yadda ruwan da ya zubo zai koma tururi kafin ya iso ƙasa. Ana kiran wannan busasshiyar tsawa, kuma hadari guda na irinta yana iya barin wuta a wurare da dama cikin yini ɗaya.

Har ila yau, wutar aradu tana da ɓoyo. Tana iya kwanciya a cikin ruɓaɓɓen kututture ko ƙarƙashin tarin ganye tana ci a hankali na kwanaki, wani lokaci makonni, ba wanda ya ga hayaƙinta, sai ranar da iska ta tashi ta bayyana. Wani bincike da ya duba shekarun 1992 zuwa 2012 ya nuna cewa mutane ne suka tayar da kashi 84 cikin 100 na gobarar daji a Amurka, amma wutar aradu ce ta ci fiye da rabin faɗin ƙasar da ta ƙone. Dalili kuwa shi ne aradu takan faɗi a lungunan da ke nesa da hanya.

Halayen wutar daji

Kowace wuta tana bukatar abu uku, wato abin ci, da zafi, da iskar oksijin. Idan aka cire ɗaya, ta mutu. A daji abincin wuta shi ne ciyawa, da busasshen ganye, da ƙirare, da gumagumai, da su kansu itatuwan. Yadda za ta yi tafiya kuwa ya dogara ne a kan yawan wannan abinci da bushewarsa, da yanayin iska da danshi, da kuma shimfiɗar ƙasa. Wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu, domin harshenta yana kwantawa ya gasa abin da ke gabanta tun kafin ta isa.

Masana sun bambanta wutar ƙasa da wutar sama. Wutar ƙasa takan bi ciyawa da ganyen da ya zuba, sau da yawa harshenta bai wuce gwiwa ko ƙugun mutum ba. Wutar sama kuwa ita ce wadda ta hau kan itatuwa tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan, tana jefa garwashi gaba da nisan da kan wuce kilomita guda. Irin wannan ba a tsayawa a gabanta. Abin da ke mayar da wutar ƙasa ta zama ta sama shi ne ƙananan itatuwa da rassan ƙasa-ƙasa, waɗanda ke zame mata tsani.

Fandarosa itace ne da ya saba da wutar ƙasa. Ɓawon babbansa yana da kauri, yana kare siririn nama mai rai da ke ƙarƙashinsa, wanda ta nan itace ke ƙara kauri. Yayin da yake tsayi yakan zubar da rassansa na ƙasa, ya janye wa wuta tsani. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai, dogayen ganyensa kuma suna lulluɓe tohonsa. Idan wutar ƙasa ta wuce, takan share ganye da ƙirare, ta kashe mafi yawan ƙananan itatuwa, ta bar manya a tsaye, tokar kuma ta zama taki ga ciyawa.

Shaidar da itatuwa suka ajiye

Ana iya tambaya, ta yaya aka san yawan wutar da daji ya sha shekaru ɗaruruwa da suka wuce, alhali ba wanda ya rubuta? Amsar tana cikin gangar jikin itatuwan. A ƙasashen da ke da hunturu mai sanyi, itace yana ƙara zobe guda a kowace shekara, mai faɗi a shekarar ruwa, siriri a shekarar fari. Idan wuta ta ƙona gefe ɗaya na gindinsa bai mutu ba, sabon nama yakan rufe wurin, amma tabon yana nan a kan zoben wannan shekarar. Ƙaron da ke tsattsafowa daga raunin yakan sa wuta ta gaba ta sake kama wurin, ta haka itace guda yake iya ajiye tabo goma ko ashirin, kowanne da shekararsa.

Jami'ar Arizona tana da ɗakin binciken zoben itatuwa da A. E. Douglass ya kafa a 1937. A shekarun 1980 Thomas Swetnam na wannan ɗaki da abokan aikinsa suka ƙirga irin waɗannan tabo a dajin Gila. Suka tarar cewa kafin 1900 wutar ƙasa tana ratsa dajin fandarosa kusan duk bayan shekara 4 zuwa 8. Daga wajen 1900 kuwa sai tabon ya ɗauke kusan gaba ɗaya.

Abin da ya faru shi ne, a shekarun 1880 aka gama murƙushe al'ummar Apache da ke zaune a yankin, aka kuma shigo da garkunan shanu da tumaki masu ɗimbin yawa. Dabbobin suka cinye ciyawar da wuta ke bi. Bayan su sai ga ma'aikatan gwamnati da aikin kashe wuta.

Zamanin kashe kowace wuta

An kafa Hukumar Kula da Gandun Daji a 1905. Tana da shekara biyar kacal, a watan Agustan 1910, gobara ta ci kimanin hekta miliyan 1.2 a jihohin Idaho da Montana, mafi yawa cikin kwana biyu, ta hallaka fiye da mutum 80, akasarinsu masu kashe wuta. Wannan masifa ta sa shugabannin hukumar suka ɗauki wuta a matsayin abokiyar gaba. A 1935 aka kafa dokar ƙarfe goma, wadda ta ce duk wutar da aka gani a yau, lalle a shawo kanta kafin ƙarfe goma na safiyar gobe. A 1944 aka ƙirƙiro zanen wata dabbar daji, beyar mai suna Smokey, domin jan kunnen jama'a. A 1950 kuma aka tsinci wani ɗan beyar da wuta ta ƙona a gandun Lincoln na Niyu Meziko, aka sa masa wannan suna, aka kai shi gidan namun daji na birnin Washinton.

Aikin ya yi nasara ta fuskar kashe wuta, amma garin neman gira aka nemi rasa ido. Ƙananan itatuwan da wuta ta saba ragewa suka rayu duka. Inda a da ake samun manyan itatuwa 'yan gomomi a hekta guda da ciyawa a tsakaninsu, sai aka koma ɗaruruwa, wani wuri fiye da dubu, sirara a cunkushe suna ƙwacen ruwa. Ganye da gumagumai suka taru shekara bisa shekara. Tun a 1943 wani masanin daji mai suna Harold Weaver ya yi gargaɗi a rubuce cewa hana wuta yana lalata dajin fandarosa, amma sai da aka daɗe kafin a saurare shi.

Sauyi ya fara ne a 1968, lokacin da Hukumar Wuraren Shaƙatawa na Ƙasa ta amince a bar wasu wutacen aradu su ci. Hukumar Gandun Daji ta yi gwajinta na farko a 1972 a gandun Bitterroot, Gila ya bi sahu a 1975, sa'an nan a 1978 aka soke dokar ƙarfe goma. A 2009 aka fitar da ƙa'idar da ta ba da dama a tafiyar da wuta guda da manufa fiye da ɗaya, wato a yaƙe ta a ɓangaren da ke fuskantar gari, a bar ta ta ci a ɓangaren da ke fuskantar daji.

Shawarar farko

A Gila har yanzu akwai hasumiyoyi a kan tsaunuka, inda masu tsaro ke zama duk tsawon bazara suna duban hayaƙi. Ban da su akwai na'urorin da ke nuna inda kowace aradu ta faɗi, da jiragen sintiri, da taurarin ɗan'adam. Da zarar an tabbatar da wuta, tambaya ta farko ita ce, me ya tayar da ita? Idan mutum ne, ƙa'ida ta ce a nufi kashe ta. Idan aradu ce, kuma tsarin da aka rubuta wa wannan yanki tun da farko ya yarda, sai a auna waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, abin da ke kan hanyarta: ƙauyuka, da gidajen hutu, da turakun lantarki, da mafarin ruwan sha, da wuraren tarihi irin su gidajen kogo na Gila waɗanda mutanen da suka gina a shekarun 1280.

Na biyu, lokacin shekara. Wutar da ta tashi a ƙarshen Yuni saura kwanaki kaɗan damina ta kashe ta, amma wadda ta tashi a farkon Mayu tana da wata biyu na zafi da iska a gabanta.

Na uku, bushewar abincin wutar. Ma'aikata sukan auna nauyin itace ko ganye, su busar da shi a tanda, su sake aunawa, ta haka su san yawan ruwan da ke cikinsa.

Na huɗu, tarihin wurin. Dajin da ya ƙone shekara biyar ko goma da suka wuce ba shi da tarin abinci, saboda haka wuta za ta bi shi a hankali.

Na biyar, yawan ma'aikata da jiragen da ke hannu. Idan gobara ta yi yawa a wasu jihohi, ba za a sami masu kawo ɗauki ba in al'amari ya ɓaci.

Na shida, wanda ya fi duka nauyi, shi ne rayukan ma'aikata. A ranar 5 ga Agustan 1949 aka saukar da 'yan laima 15 daga jirgin sama domin su kashe wata wutar aradu a kwazazzabon Mann da ke gandun Helena na Montana. Wutar ta tsallaka ta ɓullo ta ƙasansu, ta bi su tudu da gudun da ya fi nasu, mutum 13 suka rasu. Shugabansu Wagner Dodge ya tsira ne domin ya cinna wa ciyawar da ke gabansa wuta, ya kwanta a cikin tokar. Daga irin waɗannan asarori aka koyi cewa ba a tura mutum inda ba shi da hanyar gudu da wurin fakewa.

Yadda ake kiwon wuta

Barin wuta ta ci aiki ne mai kama da kiwo, domin ana sa mata ido kullum, ana kuma juya ta. Da farko akan zana mata iyaka a taswira, a bi ƙoramu, da duwatsu, da hanyoyi, da wuraren da suka riga suka ƙone. A cikin iyakar akan sa alamomi, a rubuta abin da za a yi idan wuta ta kai kowace alama: a nan za a rufe hanya, a can za a kira ƙarin ma'aikata, a can kuma za a kwashe mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da dare jirgi mai na'urar gano zafi yakan zagaya ya zana inda wutar ta kai, da safe masanin yanayi da masanin halin wuta su yi hasashen yinin.

Idan ana son tsayar da ita a wani ɓangare, ruwa ba shi ne babban makami ba, domin babu mai iya kai isasshen ruwa tsakiyar irin wannan daji. Abin da ake yi shi ne hana ta abinci. Ƙungiyar ma'aikata kimanin 20 sukan jeru da zarto mai inji, da shebur, da wani makami mai gatari a gefe ɗaya da fartanya a ɗaya gefen, su share layi har sai tsurar ƙasa ta bayyana, kamar yadda manomi ke share kewayen rumbunsa da kaka. Sa'an nan su cinna wuta da gangan daga bakin layin, ta ci ta nufi babbar wutar. Idan suka haɗu, babbar ta tarar ba abin ci, sai ta kwanta. An fi yin wannan ƙuna da yamma ko da dare, lokacin da iska ta lafa, danshi ya ƙaru.

Jirage masu saukar ungulu sukan zuba ruwa a wuraren da suka fi zafi, manyan jirage kuma su zuba wani jan ruwa mai sinadarin fosfet, dangin takin zamani, wanda ke rage kamawar ciyawa. Wannan yana jinkirta wutar ne kawai domin na ƙasa su sami lokaci. Tsofaffin gidajen katako da ke cikin daji kuwa akan naɗe su da wata takarda mai ƙyalli da ke mayar da zafi.

Gwajin shekarar 2012

A ranar 9 ga Mayun 2012 aradu ta tayar da wuta a tsaunukan Mogollon da ke yammacin Gila, aka sa mata suna Baldy. Ranar 16 ga wata aka ga ta biyu, mai suna Whitewater. Shekarar ta fari ce, wuraren kuma masu tsananin gangare ne, inda tura mutane gaba da gaba da wuta ke da haɗari ƙwarai. A ranar 23 ga Mayu, bayan iska mai ƙarfi ta taso, wutacen biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Aka kwashe mutanen ƙauyen Mogollon, gidajen hutu 12 suka ƙone a Willow Creek. Kafin ta mutu ta ratsa kimanin hekta 120,000, wato fiye da rabin faɗin Yankari. Ita ce gobara mafi girma a tarihin jihar har zuwa 2022.

Da hayaƙi ya washe, masana suka duba abin da ta bari, sai suka ga dajin bai ƙone bai ɗaya ba. A kan tsaunuka masu tsayi, inda itatuwa ke cunkushe kuma aka daɗe ba a ga wuta ba, ta hau sama ta kashe kusan kome. Amma a dajin fandarosa da aka bari wutar aradu ta riƙa ratsawa tun daga 1975, akasari ta sauko ƙasa ta bi ganye, manyan itatuwa suka rayu. Binciken da aka yi da hotunan taurarin ɗan'adam a Gila da wasu dazuzzukan yammacin Amurka ya tabbatar da cewa tsohuwar ƙuna tana rage zafin sabuwar wuta, sau da yawa ma tana tare ta, sai dai wannan kariya tana raguwa yayin da shekaru ke wucewa abinci yana sake taruwa.

Aiki bai ƙare da mutuwar wutar ba. Inda ta yi tsanani ƙasa takan zama tsirara, ruwan farko ya kwashi toka da laka ya zuba a ƙoramu, kifaye su mutu. A ƙoramun Gila akwai wani kifin ruwan sanyi, tirawut na Gila, wanda ba a samun sa sai a wannan yanki da makwabtansa, kuma yana cikin halittun da doka ke karewa. Kafin damina ta sauka masana suka shiga suka kama ɗaruruwansa, aka ɗauke su da jirgi mai saukar ungulu, aka kai wasu gidan renon kifi na Mora. Aka kuma watsa iri da ciyawar rufi daga sama a kan gangaren da suka ƙone. Duk da haka, a Satumban 2013 ambaliya ta sauko daga waɗannan tsaunuka ta wanke hanyar ƙauyen Mogollon.

Haɗarin da ke cikin bari

Kada a ɗauka cewa barin wuta dabara ce marar aibi. A 1988 wutace da dama, wasu na aradu da aka bari da farko, wasu kuma na mutane, suka ci kashi 36 cikin 100 na dajin Yellowstone, sai dusar ƙanƙara ta Satumba ce ta kwantar da su. A ranar 4 ga Yulin 2021 aradu ta kunna wuta a kan wani dutse a gandun Humboldt-Toiyabe, a ɓangarensa da ke Kalifoniya. Aka yanke shawarar a sa mata ido kawai. Bayan kwana 12 iska ta tashi, wutar da aka kira Tamarack ta ci fiye da hekta 27,000, ta ƙone gidaje, ta tsallaka Jihar Nebada. A watan Agustan shekarar shugaban hukumar ya dakatar da barin wuta na ɗan lokaci. Tun daga nan ana sassauta wannan dama ko a tsaurara ta gwargwadon tsananin fari da ra'ayin shugabanni.

Ga kuma hayaƙi, wanda ke cutar da masu asma da tsofaffi da ƙananan yara a garuruwa masu nisa. Bugu da ƙari, yanayi yana ƙara ɗumi. Zoben itatuwa ya nuna cewa shekarun 2000 zuwa 2021 su ne shekara 22 mafi bushewa a kudu maso yammacin Amurka cikin kimanin shekara 1,200. Ke nan kwanakin da za a iya barin wuta ta ci cikin natsuwa suna raguwa. Jami'in da ya bar wuta ta kuɓuce, kowa zai san sunansa. Wanda ya kashe ta kuwa za a yaba masa, ko da yake ya bar wa magajinsa tarin itacen da zai ƙone a shekara mafi muni.

Kammalawa

Abin da tarihin Gila ya nuna shi ne, a dajin da ke da bazara mai bushewa da aradu, wuta za ta zo ko an so ko an ƙi. Abin da ke hannun ma'aikata shi ne su zaɓi lokacinta da irinta, su karɓi ƙanana da yawa a shekarun sauƙi domin su rage ƙarfin babbar da za ta zo a shekarar fari.

Ɗalibin da ke ƙasar Hausa yana iya ganin ɓangaren wannan ilimi a dajin da ke kusa da shi, ko da yake akwai bambanci babba. A nan aradu tana zuwa ne da damina lokacin da ciyawa ke ɗanya, saboda haka kusan duk wutar daji ta rani mutane ne ke cinna ta. Amma kaurin ɓawon kaɗanya amsa ce ga matsala iri ɗaya da ta fandarosa. Haka kuma malaman daji sun daɗe da sanin cewa ƙunar farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, ba ta yi wa itatuwa ɓarna kamar ƙunar ƙarshen rani. Malamin da ya fita da ɗalibansa bayan wuta ta wuce, suka auna tsayin baƙin da ta bari a jikin itatuwa, suka ƙirga waɗanda suka mutu da waɗanda suka sake toho, sa'an nan suka kwatanta wurin da ya ƙone a Nuwamba da wanda ya ƙone a Maris, ya koya musu irin aikin da masanan Gila ke yi kafin su yanke shawara a kan wutar gaba.